Tambayoyi da Amsoshi Kan Fara Sassaƙar Ƙarfe a Gida da Ƙera Ƙananan Injuna

Waɗannan amsoshi an shirya su ne domin wanda ya ga ƙaramin inji da ake iya ɗorawa a tafin hannu yana juyawa da kansa, ya ji yana son ya ƙera irinsa, amma bai san ta inda ake kamawa ba. An jera su bisa tsarin da ya fi dacewa a bi wajen koyo, domin yawancin waɗanda suka fara wannan aiki suka watsar ba rashin basira ne ya kayar da su ba, tsallake matakai ne.

Mece ce wannan sha'awa, kuma a ina ta yi ƙarfi?

Sha'awa ce ta mutanen da ke ajiye ƙananan injunan sarrafa ƙarfe a gida, su ɗauki guntun tagulla ko baƙin ƙarfe su sassaƙe shi bisa zane da awo, har ya zama fistin ko silinda ko filawil, sannan su harhaɗa sassan su zama inji mai aiki na gaske, ba abin ado kawai ba. Ƙasar da abin ya fi kafuwa ita ce Ingila. A shekarar 1898 Percival Marshall ya fara buga mujallar Model Engineer a Landan, kuma a wannan shekarar ce aka kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa da ake taƙaita sunanta da SMEE, wadda har yanzu tana nan. Daga baya marubuta irin su Lawrence, wanda ya yi suna da laƙabin LBSC, suka koya wa masu ƙaramin ƙarfi yadda za su gina ƙananan kawunan jirgin ƙasa masu cin gawayi da za su iya jan mutum a kan siririn dogo, Edgar Westbury kuma ya shahara da zanen ƙananan injunan fetur. Akwai masu yi da yawa a Amurka da Jamus da Holan da Ostareliya, kuma a wuraren shaƙatawa na ƙungiyoyinsu ana samun dogo mai faɗin inci 3.5 ko 5 ko 7.25 inda ake ɗaukar yara a ƙarshen mako.

Sai wanda ya karanci injiniyanci ne zai iya?

A'a. Abin da ake bukata shi ne iya karanta zane mai nuna abu ta fuska uku, da ɗan lissafin tarawa da rabawa, da haƙurin auna abu sau biyu kafin a yanke shi. Sauran duk hannu ne ke koya a gaban inji.

Wane inji ne ya kamata a fara saye?

Injin sassaƙa, wato wanda ke riƙe ƙarfe a cikin wani maɗauri mai haƙora da ake kira cok yana juya shi, baki mai kaifi kuma yana tafiya a jikinsa yana feraye shi. Dalili shi ne, kusan duk sassan da ke motsi a cikin inji zagayayyu ne, daga fistin da ramin silinda zuwa shaf da bushin da filawil, kuma wannan inji shi ne kaɗai ke fitar da su daidai. Ban da haka yana huda, yana faɗaɗa rami, yana yanka zaren noti, kuma idan aka ɗaura abu mai kusurwa a cok mai haƙora huɗu yana iya daidaita fuskarsa ta zama sumul. Tun wajen shekarar 1800, lokacin da Henry Maudslay ya kyautata irin wannan inji har ya riƙa yanka zare iri ɗaya a kai a kai, tsarinsa bai canza sosai ba.

Waɗanda suka fi yawa a hannun masu sha'awa sun kasu gida uku. Akwai ƙananan cikin, irin su Sherline da Taig na Amurka, da Unimat na kamfanin Emco na Ostiriya, da Proxxon na Jamus, waɗanda mutum zai iya ɗauka ya mayar cikin kabad idan ya gama. Akwai matsakaita da ake ƙerawa a Sin, musamman na kamfanin Sieg da ke Shanghai, waɗanda ake sayarwa da sunaye da fenti iri-iri alhali tushensu ɗaya ne. Su ne ake kira 7x12 ko 7x14, ma'ana suna juya abu mai faɗin inci 7 a saman gadonsu, wato doron ƙarfen da keken bakin yanka ke tafiya a kai, tsawonsa kuma ya kai inci 12 ko 14. Sai kuma tsofaffin da suka yi suna, irin su Myford ML7 da aka fara fitarwa a Nottingham a 1946, da Super 7 da ya biyo bayansa, da South Bend mai inci 9 na Amurka. Zane-zanen Ingila da yawa an yi su ne da Myford a zuciya, shi ya sa farashin tsohonsa yake da tsada fiye da yadda shekarunsa suka cancanta.

Ga mai farawa, matsakaicin nan mai inci 7 ya wadatar. Yana zuwa da aibi, domin sau da yawa sai an kwance shi an wanke maiƙon da aka shafe shi da shi, an goge kaifin gefuna, an ɗaure wuraren da ke lilo, amma wannan kwancewa ita kanta darasi ce, kuma kayan gyaransa suna samuwa cikin sauƙi.

Idan aka samu tsoho fa, me za a duba?

Gado za a fara dubawa, domin shi ne ba ya gyaruwa da araha. Yawancin aiki ana yin sa ne kusa da cok, saboda haka nan ne gadon ke cinyewa. A kawo keken da ke ɗauke da baki kusa da cok, a ɗan ɗaure makullinsa har ya riƙa tafiya da ɗan nauyi, sannan a murza shi zuwa ƙarshen gado. Idan ya cije tun kafin ya yi nisa, to gadon ya lotsa a gaba, kuma duk dogon abin da aka sassaƙa zai fito da kai ɗaya ya fi ɗaya kauri. Bayan haka a ɗaura sandar ƙarfe a cok a jijjiga ta a ji ko boris ɗin kai yana wasa, a duba haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya, a kuma tabbatar cewa giyoyin canji na yanka zare suna nan cikakku, domin nemo su daga baya wahala ce.

Batun wuta ma ba abin rainawa ba ne. Tsofaffin injunan masana'antu da yawa suna aiki da wuta mai layi uku, wadda ba kowane gida ke da ita ba, sai dai a sayi na'urar da ke mayar da layi ɗaya uku. Injin da aka yi domin Amurka na bolt 120 ne da zagaye 60, alhali wutar Najeriya da Nijar ta kusan bolt 220 zuwa 230 ce da zagaye 50, don haka wanda zai yi oda ya zaɓi samfurin Turai. Ƙananan injunan Sin kuma suna da allon lantarki mai sarrafa gudu wanda hawa da saukar wuta ke saurin ƙonawa, saboda haka kuɗin sitabilaiza yana cikin kuɗin injin.

Bayan injin, me kuma za a saya?

A nan ne lissafin mutane da yawa ke rushewa. Masu daɗewa a harkar sukan ce a ware wa kayan aiki kwatankwacin abin da aka kashe a kan injin kansa, kuma ba su yi ƙari ba. Sai dai ba a rana ɗaya ake sayensu ba.

Na farko su ne kayan awo: rula ta ƙarfe, da ma'aunin baniya wanda ke nuna har 0.02 na milimita, da maikuromita mai auna daga sifili zuwa milimita 25 wanda ke nuna 0.01, da agogon awo mai ƙafar maganaɗisu wanda ake gane karkatar abu da shi. Baniya ta isa a yi aikin gama-gari, amma duk inda abu zai shiga cikin wani ya zauna daidai, maikuromita ake ɗauka. Sannan cok na dirila da ake sawa a wutsiyar inji, wato ɓangaren da ke fuskantar cok daga ɗaya ƙarshen gado, da ƙaramin bakin dirila mai buɗe tsakiya, da saitin bakunan dirila masu kyau, da taf da dayis na yanka zare daga M2 ko M3 zuwa M6 (lambar tana nuna kaurin ƙusa a milimita), da rima biyu ko uku, wato bakin da ke gyara rami ya kai awo daidai, da magagari iri-iri, da zarton ƙarfe, da mamatsin tebur mai ƙarfi, da garanda ta wasa baki.

Cok mai haƙora huɗu ya cancanci a ambace shi daban. Mai haƙora uku yana da sauƙi domin haƙoransa tare suke matsowa, amma ba ya mayar da abu tsakiya daidai idan aka cire shi aka sake ɗaurawa. Mai huɗu kowane haƙori da kansa yake tafiya, saboda haka da agogon awo ana iya saita abu har allurar ta daina motsi, kuma shi ne ke riƙe abu mai kusurwa da abin da ake son hudawa a gefe. Mai koyo yakan guje shi saboda saitinsa na cin lokaci a farko, amma wanda ya jure masa na ɗan lokaci zai riƙa gamawa cikin mintoci kaɗan.

Bakin kabaid ya fi, ko na ƙarfen da ake wasawa?

Ga ƙaramin inji, bakin ƙarfe mai jure zafi da ake sayarwa da alamar HSS ya fi dacewa. Kabaid, wato wani gami mai tsananin tauri da ake yin tsinin baki da shi, an yi shi ne domin manyan injuna masu nauyi da gudu, yana son a danna shi sosai, kuma da zarar inji ya yi karkarwa ko ya tsaya cikin yanka sai bakinsa ya ɓalle. Na HSS kuwa yana da arha, ana wasa shi a garanda zuwa kowace siffa, yana yin kaifin da zai iya ɗauke ɗan siririn ɓawo wanda kabaid na gama-gari zai goge kawai ya wuce. Kusurwar da ake bari a ƙarƙashin bakin da gefensa, domin kada ya gogi aikin, ba ta wuce digiri 8 zuwa 10, kuma ba sai ta zo daidai cif ba.

Abin da ya fi siffar bakin muhimmanci shi ne tsayinsa. Dole tsinin ya kasance daidai da tsakiyar abin da ke juyawa. Idan ya yi sama zai riƙa gogawa maimakon yanka, idan ya yi ƙasa zai bar ɗan tsiro a tsakiyar fuska, aikin kuma zai nemi hawa kansa. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a kashe inji, a sa siririyar rula a tsaye tsakanin tsinin baki da jikin zagayayyen ƙarfe, a matso a hankali har ta maƙale. Idan ta tsaya cak, an dace. Idan kanta ya karkata zuwa wajen aikin, bakin ya yi sama, idan kuma ya karkato zuwa wajen mai aiki, bakin ya yi ƙasa, sai a ƙara masa siririn ƙarfe a ƙarƙashi.

Yaya ake sanin gudun da za a sa?

Kowane ƙarfe yana da saurin da ya kamata fuskarsa ta riƙa wuce bakin yanka. Da bakin HSS, baƙin ƙarfe mai taushi yana son kamar mita 30 a minti, ƙarfen zubi kamar 20, tagulla 60 ko fiye, alminiyum kuma ya fi haka. Domin a san juyi nawa ne a minti, sai a ninka wannan adadi da 318, a raba da kaurin aikin a milimita. Sandar baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 25 za ta so juyi kusan 380, mai milimita 6 kuma kusan 1,600. Filawil na zubi mai faɗin milimita 75 ba ya son fiye da juyi 85, wanda hakan ke nuna cewa ƙaramin gudu ya fi babba amfani a injin mai wannan sha'awa.

Waɗannan alƙaluma iyaka ce ta sama, ba wajibi ba. Idan ɓawon baƙin ƙarfe ya fara fitowa shuɗi, gudu ya yi yawa. Idan inji ya fara kuka aikin yana fitowa da zane-zane, sai a rage gudu, a rage tsawon da bakin ya leƙo, a duba ko aikin ya fito daga cok fiye da ninki uku na kaurinsa ba tare da an tallafe shi da wutsiya ba. A kuma tuna cewa duk abin da aka tura baki ciki, ninkinsa biyu ne ke raguwa a kaurin aikin, sai fa idan ma'aunin hannun injin an riga an rubuta shi da lissafin kauri.

Wane ƙarfe ne ya fi sauƙin koyo?

Tagulla mai ruwan ɗorawa, wato gamin jan ƙarfe da tutiya mai ɗan dalma a ciki, ita ce ta fi daɗin yanka, ba ta bukatar mai, ɓawonta kuma gutsi-gutsi yake zuba. Abin lura kawai shi ne tana fizgar baki, saboda haka ana barin saman bakin a shimfiɗe ba tare da gangara ba, ana kuma ɗan dakushe leɓen bakin dirila da dutse. Alminiyum mai lamba 6061 ko 6082 yana da arha da taushi, amma yana manne wa baki idan ba a ɗiga masa kananzir ba. A baƙin ƙarfe, wanda ake kira EN1A a Ingila ko 12L14 a Amurka an yi shi ne musamman domin sauƙin sassaƙa.

Wanda ke kusa da kasuwa irin ta Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano zai samu guntaye da araha, amma ƙarfen bola ba ya zuwa da takarda. A riƙa tafiya da magagari a aljihu: idan ya ci ƙarfen cikin sauƙi, zai yanku, idan ya zame yana ƙara, an gasa shi ya yi tauri, a bar shi. Rodin gini ba ya fitar da fuska mai kyau ko da wane irin baki, kuma ya sa masu koyo da yawa sun zargi injinsu a banza.

Wane inji ne ya dace ya zama na farko?

Inji mai silinda mai lilo, wanda ake gwadawa da iska. Tsari ne tsoho, domin William Murdoch ya yi samfurinsa tun 1785, kuma shi ne ke cikin yawancin injunan wasan yara na kamfanin Mamod na Ingila. Abin da ya sa ya dace shi ne ba shi da bawul ko kaɗan. Silindar tana rataye a jikin wani ginshiƙi a kan ƙusa guda, sifirin yana matse fuskarta da fuskar ginshiƙin. A fuskar silinda akwai rami ɗaya, a ta ginshiƙi akwai biyu. Yayin da karanshaf ke juyawa yana jan sandar fistin hagu da dama, sai silindar ta yi lilo, raminta ya haɗu da ramin shigar iska lokacin da fistin zai sauka, ya kuma haɗu da na fita lokacin da nauyin filawil ke mayar da shi sama.

Sassansa ba su wuce goma ba, kuma duka daga sanda da guntun faranti ake fitar da su, don haka idan ɗaya ya lalace asarar ba ta wuce guntun tagulla da yammaci ɗaya ba. Amma a cikin waɗannan sassa kaɗan akwai kusan dukan darussan sana'ar. Ramin silinda ana huda shi ƙasa da awo kaɗan, a gama da rima a ƙaramin gudu. Fistin kuma ana sassaƙa shi ne ya dace da ramin da aka riga aka yi, ba akasin haka ba, domin rage kaurin sanda ya fi gyara rami sauƙi. Ana matsowa a hankali, ana aunawa, ana gwadawa, har tazarar ta koma kamar 0.01 zuwa 0.02 na milimita. Alamar an dace ita ce, idan aka toshe ramin iska da yatsa fistin zai tsaya ko ya sauka sannu a hankali, da an ɗaga yatsa kuma ya zame da nauyinsa. Fuskokin nan biyu da ke gogar juna ana goge su a kan takardar yashi mai laushi da aka shimfiɗa a kan gilashi, ana zagayawa da su har duk fuskar ta zama launi ɗaya ba tabo.

Wanda ya fara da kan jirgin ƙasa ko inji mai silinda huɗu ya ɗauki aikin shekaru alhali bai san ko hannunsa ya faɗa ba, kuma irin waɗannan ayyuka da aka yi rabi aka ajiye su ne suka cika tallace-tallacen ƙungiyoyin Ingila.

Zanen da na samu da inci aka yi shi, injina kuma na milimita ne. Yaya zan yi?

Inci ɗaya milimita 25.4 ne daidai, saboda haka a zauna da kalkuleta a juya dukan awon a rubuta a jikin zanen kafin a taɓa ƙarfe. Ba kowane awo ne sai an bi shi cif ba. Shaf mai rubu'in inci, wato milimita 6.35, ana iya mayar da shi 6, muddin an mayar da ramin da zai shiga ciki shi ma. Abin da ba a taɓawa shi ne tazarar da ke tsakanin ramuka da tsawon tafiyar fistin.

Zare ne ya fi rikitarwa. Tsofaffin zanen Ingila suna amfani da zaren BA mai kusurwar digiri 47.5, da zaren ME mai layi 32 ko 40 a inci, wanda ya gaji kusurwar digiri 55 ta tsarin da Joseph Whitworth ya kawo a 1841, alhali na milimita digiri 60 ne, kuma ba sa shiga juna. Mafi sauƙi shi ne a musanya su da na milimita mafi kusa. Ramin da ake hudawa kafin a sa taf kuwa, ana cire tazarar zare daga kaurin ƙusa: M3 yana son 2.5, M4 yana son 3.3, M5 yana son 4.2, M6 kuma 5. Ƙananan taf suna karyewa kamar tsinke, don haka a sa mai, a riƙa juyawa gaba kaɗan ana komowa baya domin ɓawo ya karye, a kuma yi amfani da cok na inji wajen riƙe taf ɗin a miƙe, hannu ne kawai zai juya.

Yaushe ake komawa ga sassan zubi?

Bayan inji ɗaya ko biyu na sanda. Kamfanin da Stuart Turner ya kafa a Henley da ke bakin kogin Thames tun farkon ƙarni na 20 shi ne ya fi suna a wannan fanni, kuma samfurinsa 10V, mai faɗin silinda da tafiyar fistin kashi uku cikin huɗu na inci, ya zama kamar jarrabawar shiga ga masu sha'awar tururi. Ana sayar da shi a matsayin ɗanyen zubi da zane da ƙusoshi. Zubi yana da kyan gani, amma ba shi da fuska ko ɗaya madaidaiciya da za a fara awo daga gare ta, kuma fatarsa tana da tauri da yashi, don haka yankan farko dole ya shiga ƙarƙashin fatar a ƙaramin gudu, in ba haka ba bakin zai dakushe nan take. Idan aka ɓata guda, sai an yi odar wani daga ƙasar waje.

Dole ne a sayi injin milin?

Ba a farko ba. Injin milin shi ne wanda baki ke juyawa, aikin kuma yana ɗaure. Magabata a wannan harka sun gina injuna masu yawa da injin sassaƙa da magagari kawai, suna ɗaura aiki a kan wani maɗauri mai hawa da sauka, bakin milin kuma yana juyawa a kan injin. Idan aiki ya yi nisa bukatar za ta bayyana da kanta.

Waɗanne haɗura ne suka fi yawa?

Injin sassaƙa, komai ƙanƙantarsa, ba ya sakin abin da ya kama. Ba a tsayawa gabansa da babbar riga ko hannun riga mai faɗi ko mayafi ko rawani mai jela, ba a sa zobe ko agogo, kuma ba a sa safar hannu, domin ita ce ke jan yatsu ciki. Makullin cok ba ya kwana a jikin cok ko da na daƙiƙa ɗaya: hannun da ya sa shi shi ne zai cire shi. Tabarau na kariya wajibi ne, musamman a tagulla da ke feso ƙananan allurai. Dogon ɓawon baƙin ƙarfe yana yanka kamar reza, sai an tsayar da inji a ja shi da ƙugiya ko filaya. Kafin a kunna, a juya cok da hannu zagaye ɗaya a ga ko wani abu zai bugi gado.

Injin ma yana bukatar kariya. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da man gado takan zama abin da ke cinye shi a hankali, damina kuma tana kawo tsatsa, don haka a goge, a shafa mai, a rufe bayan kowane aiki, kuma garanda ta yi nesa da shi.

Na gama haɗawa amma ya ƙi tashi. Ina matsalar take?

Kusan kullum ɗayan abu uku ne: cijewa, ko yoyo, ko lokacin buɗewar iska. A cire bututun a juya filawil da yatsa. Idan akwai wurin da yake yin nauyi a kowane zagaye, to wani abu bai miƙe ba, galibi ramin shaf da ƙusar lilo ba su yi layi ɗaya ba, ko ƙusar karanshaf ta karkace. A sassauta ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya har a gane wanda sakinsa ke kawar da nauyin. Idan yana juyawa sumul amma iska na fita ta ko'ina, a shafa ruwan sabulu a ga inda ke kumfa, a sake goge fuskokin, a kuma duba sifirin, domin idan ya yi tauri yana hana lilo, idan ya yi laushi iska na ɗaga silindar. Idan duka biyun lafiya, to ramukan iska ba sa haɗuwa a lokacin da ya dace, sai a shafa tawada a fuskar ginshiƙi a juya a ga sawun da ramin silinda ya bari. Sabon inji yakan so a ɗiga masa mai mara kauri a juya shi na ɗan lokaci kafin ya saki jiki, kuma wanda aka yi da kyau ƙaramar iska daga kwamfuresa ta ishe shi, wani ma da hurawar baki yake tashi.

Zan iya haɗa tukunyar tururi da kaina?

Za ka iya, amma ba yanzu ba, kuma ba da gwangwani ko tsohuwar tukunyar gas ba. Ruwan da ke cikin tukunya mai matsin bar 4 zafinsa ya haura digiri 150, kuma idan jikinta ya tsage, wani sashe na ruwan yana rikiɗewa tururi nan take, tururi kuwa yana cin wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga gare shi. Shi ya sa ƙaramar tukunya ke iya yin ɓarnar da ta fi girmanta.

Ƙa'idar da ƙungiyoyin Ingila ke bi ita ce a yi jikin tukunya da jan ƙarfe marar ɗinki, a yi mazaunin famfuna da gamin jan ƙarfe da kuza, ba da tagulla mai tutiya ba, domin ruwan zafi yana zuƙe tutiyar a hankali ya bar ƙarfen ya zama bubu. Ana liƙa ta da gamin azurfa mai narkewa sama da digiri 600, ba da dalmar masu gyaran rediyo ba, wadda ke narkewa ƙasa da digiri 200. A guji tsohon gamin azurfa mai sinadarin kadmiyam, domin hayaƙinsa guba ne. Idan an gama, ana cika ta da ruwa fal ba iska a ciki, a matsa da famfon hannu zuwa ninki biyu na matsin da za ta yi aiki da shi, saboda ruwa ba ya matsuwa, idan wani wuri ya gaza sai dai ya yi ɗigo. Bayan haka ne ake hura wuta a gwada bawul ɗin kariya, a tabbatar yana buɗewa a inda aka saita shi.

Injin fetur da injin iska mai zafi fa?

Injin iska mai zafi, wanda limamin coci ɗan Sikotlan Robert Stirling ya yi wa rajista a 1816, yana da ban sha'awa domin ƙaramar fitila ta ishe shi, ba tukunya, ba matsi mai haɗari. Sai dai ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai, saboda haka ɗan cijewa ko ɗan yoyon da injin tururi zai yafe, shi tsayar da shi zai yi. Ya dace ya zama na uku ko na huɗu.

Injin fetur mai bugu huɗu, irin tsarin da Nikolaus Otto ya fitar a 1876, yana tara wahalhalu da yawa wuri ɗaya. Bawul dole ya zauna a mazauninsa ba yoyo ko kaɗan, zoben fistin na ƙarfen zubi sai an sassaƙa shi an tsaga an gasa, giya biyu za su sa kam, wato abin da ke buɗe bawul, ya yi juyi ɗaya a duk juyi biyu na karanshaf, ga kafireto, ga fulogi da wutar da za ta zo a kan lokaci. Idan ya ƙi tashi, kowane ɗaya daga cikinsu na iya zama sanadi, kuma mafi yawan lokuta bawul ne. Wanda zai shiga wannan fanni ya zaɓi zane mai silinda ɗaya, mai ƙaramin gudu, wanda karanshaf ɗinsa ke a fili, ya sayi giyoyin da fulogin a shirye a karon farko, ya kuma gwada kowane bawul shi kaɗai ta hanyar zuba ɗan fetur a bayansa ya ga ko zai tsatso kafin ya ɗaura kan silinda. Ana tayar da shi ne a waje ko a wuri mai iska sosai, saboda hayaƙinsa ɗaya ne da na janareta.